Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman da ke koyar da darasin girman yaro a kwalejojin ilimi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibarku ce ta da, domin a hannun irinku na yi NCE. Yau shekarata 23 ina riƙe da alli, 8 daga ciki ina shugabancin wata firamare ta gwamnati a bayan gari. Kowace shekara kuna turo mana ɗalibanku gwajin koyarwa, mu ba su aji, mu zauna a baya mu duba su, mu sa hannu a takardunsu. Abin da nake gani a tare da su ne ya sa na rubuto, kuma ina roƙon ku karanta da haƙurin da kuka yi da mu muna gabanku.

A zangon da ya wuce an turo mana wata yarinya mai natsuwa da ƙoƙari, na ba ta aji biyu. Wata rana ta same ni a ofis ranta a ɓace. Ta ce, "Hajiya, akwai yarinyar da na rasa yadda zan yi da ita a lissafi. Ina ganin ba ta kai matakin da Piaget ya ce yaro yana fahimtar lamba ba, sai dai a jira ta." Sannan ta jero mini matakai huɗu na girman tunanin yaro da masanin nan Piaget ya tsara, da Turanci, da shekarun kowanne, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Na ce ta kira mini yarinyar. Da ta shigo sai na gane ta, ita ce ke kawo tallan gyaɗa bakin ƙofarmu bayan an tashi. Shekararta 8. Na rubuta mata 500 a ɗebe 350 a takarda, ta ƙura wa takardar ido, ta yi tsuru-tsuru, biro na rawa a hannunta. Na janye takardar na ce, "'Yata, ƙullin gyaɗarki nawa?" Ta ce hamsin. Na ce, "To ba ni bakwai, ga ɗari biyar." Ba ta ko kalli yatsunta ba. Ta ce, "Biyu ɗari, huɗu ɗari biyu, shida ɗari uku, da ɗaya, ɗari uku da hamsin. Canjinki ɗari da hamsin, Malama." Ɗalibarku ta riƙe baki.

Ban ga laifinta ba. An ba ta jadawali ta haddace, ta kuma ci jarrabawa da shi, amma ba a taɓa zaunar da ita gaban yaro an ce ta saurare shi ba. Sai jadawalin ya zame mata hukunci: wannan ta kai, wannan ba ta kai ba, a rufe magana. Ni ma da haka na fito, kuma na yi shekaru kafin aji ya warware mini.

Abin da ya faru a ofishina an riga an rubuta shi tun 1985. Masu bincike uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun bi wasu yara masu talla a titunan Recife ta ƙasar Barazil suna ciniki da su kamar masu saye. A wurin ciniki yaran sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin. Da aka rubuta musu lambobin nan dai a takarda irin na makaranta, sai suka sauko kusan kashi 37. Yara biyar ne kawai, ƙaramin bincike ne, amma ya nuna abin da kowace mai shago ta sani. Ba ina yabon talla ba ne, Allah ya sani kullum ina faɗa da iyaye a kan sa, musamman na 'ya'ya mata. Ina cewa ne lissafin yana cikin kan yarinyar, aikin malama ta nemo ƙofar da zai fito.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Piaget da kansa bai yi aiki da hadda ba. An haife shi a Suwizalan a 1896, kuma digirinsa na uku a kan dodon koɗi ya yi shi, mutum ne da ya saba tsugunawa ya kalli ƙaramin abu na tsawon lokaci. Da ya je Faris wajen 1920 aka sa shi aikin gwajin basirar yara, sai ya tarar amsoshin da yara suka faɗi sun fi ɗaukar hankalinsa a kan waɗanda suka ci, don ya lura yara masu shekaru ɗaya kuskure iri ɗaya suke yi. Daga nan ya shiga tambayarsu, me ya sa ka ce haka? Da aka haifa masa 'ya'yansa uku, shi da matarsa suka riƙa rubuta abin da suke yi tun suna cikin tsumma. Daga wannan kallo ne matakan suka fito: daga haihuwa zuwa shekara 2 jariri yana sanin duniya da baki da hannu da ido, daga 2 zuwa 7 harshe ya buɗe amma ido yana rinjayar tunani, daga 7 zuwa 11 yaro yana iya bin ƙa'ida in abin yana gabansa yana taɓawa, daga wajen 12 kuma ya fara iya tunani a kan abin da ba ya gabansa, ya ce "da a ce". Ya rasu a 1980 yana da shekara 84. Babban abin da ya bar wa malami shi ne kuskuren yaro yana da dalili, kuma in ka tambaya a hankali za ka ji dalilin. Wannan ne ɗalibanku ba sa zuwa mana da shi.

Kuma ba a gaya musu cewa an yi ta gyara masa. Kun san gwajin da ake jera abubuwa layi biyu daidai wa daida, yaro ya yarda yawansu ɗaya, sai a baje layi guda a sake tambayarsa, ɗan shekara 4 ya ce mai tsawon ya fi yawa. A 1974 James McGarrigle da Margaret Donaldson suka sake gwajin a Edinbara, amma suka sa wata 'yar tsana mai ɓarna ta zo ta hargitsa layin kamar da tsautsayi. Yara da yawa da suka faɗi a da sai suka ce ai yawan bai canja ba. Ashe in babba ya taɓa abu da gangan sannan ya maimaita tambayar da ya riga ya yi, yaro yana ɗauka wata amsar ake so. To ku duba yaronmu, wanda tun yana tatata ake koya masa kada ya musa wa babba, kada ya kalle shi cikin ido. Shirunsa a gaban baƙuwar malama ladabi ne sau da yawa, amma a takarda sai a rubuta bai sani ba. Na gwada wannan da marafan kwalba a aji ɗaya. In ni na baje, sai su kalli fuskata kafin su amsa. In ɗan'uwansu na sa ya baje, gardama ake yi har da rantsuwa.

A nan Afirka ma an yi irin wannan aiki, ban kuwa taɓa ganin sa a handawut ɗin da ɗalibanku ke zuwa da shi ba. A 1961 Douglass Price-Williams ya wallafa gwajin da ya yi da yaran Tibi a tsakiyar Nijeriya, da ƙasa da ƙwayoyin da suka saba wasa da su, ya samu suna gane cewa yawan abu ba ya canjawa a wajen shekara 7 zuwa 8, kamar yaran Turai. Patricia Greenfield kuma ta yi gwajin zuba ruwa daga kofi zuwa kofi da yaran Wolof a Sanigal a shekarun 1960. Cikin waɗanda ba su shiga boko ba, da yawa sun ce ruwan ya ƙaru ne don ita ta zuba. Da ta miƙa musu kofin suka zuba da hannunsu, masu cewa ruwan yana nan yadda yake suka ƙaru sosai. Gani ya kori ji. Kofi biyu da ruwan randa ne kayan aikin, babu kwalejin da za ta ce ba ta da kuɗinsu.

Lev Vygotsky sa'an Piaget ne, shekara ɗaya aka haife su, amma tarin fuka ya kashe shi a Mosko a 1934 yana da shekara 37, kuma an daɗe ba a buga littattafansa a Tarayyar Sobiyet ba, Turawan Yamma ma sai a 1962 suka fara karanta shi sosai da Turanci. Maganarsa ita ce akwai tazara tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in wanda ya fi shi ya kama masa, kuma a cikin tazarar nan koyo yake faruwa. Ɗalibanku suna kawo sunan tazarar da haruffa uku na Turanci. Da na tambayi wani ya ba ni misali, sai ya sunkuyar da kai. Alhali shi kansa ya yi makarantar allo, ya san yadda gardi ke biya wa ƙolo, ya ja masa baƙi sau biyu sau uku, sannan ya yi shiru ya bar shi ya ja, sai ya kakare ya taɓa masa kalma ɗaya. Mahaifina tela ne. Yaron shagonsa da guga yake farawa da sa maɓalli, sannan a ba shi dogon ɗinki miƙaƙƙe, sai an shekara ana kallon hannunsa kafin a bar shi ya sa almakashi a shaddar mutane. Da an fara darasin Vygotsky daga shagon tela a ƙare a littafi, babu ɗalibin da zai manta. A ajin da ke da yara sama da 90, kamar wasu azuzuwana, wannan ra'ayi shi ne abin da ya rage wa malama, ta haɗa wanda ya gane da wanda ya kusa ganewa a tabarma ɗaya.

Sai batun shaƙuwar jariri da mai renonsa, wanda John Bowlby ya kafa. Ana koya wa ɗalibai sunan Mary Ainsworth da gwajin da ta yi a Baltimo ta Amurka, ba a gaya musu a Yuganda ta fara ba, a ƙauyukan kusa da Kampala, inda ta riƙa shiga gidaje 26 a 1954 da 1955 tana kallon uwa da ɗa. Har a ƙasar Hausa an yi. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, cikinsu da Robert LeVine da Sarah LeVine, sun wallafa abin da suka gani a tare da jarirai 18 na Hausawa. Sun samu kowane jariri yana da masu reno da yawa, yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, kuma wanda ya fi manne wa shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba mai ba shi nono ba ce. Wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan, ga kaka, ga goggo, ga kishiyar uwa, ga yayar da ke goya shi. Ya kuma san kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, alhali ranta na kansa. Ɗalibin da ya haddace littafin Amurka kawai zai ga uwar nan ya ce ba ta son ɗanta. Wanda aka koya wa kallo zai tambaya, in yaron ya firgita wurin wa yake gudu? Na sha ganin amfanin tambayar nan a kan yaran da aka saki uwarsu ko ta rasu, ko aka ba da su riƙo. Karatunsu yakan tsaya cak, kuma bulala ba ta tayar da shi.

Freud ba zan daɗe a kansa ba. A san shi don tarihi, amma matakansa biyar na girman yaro ban taɓa samun inda suka taimake ni a aji ba, kuma masana da yawa sun bar su. Kohlberg ma a faɗa wa ɗalibai cewa matakan tarbiyyarsa shida daga hira da yara maza 72 na yankin Chicago ya fara gina su a 1958, kuma Carol Gilligan ta ƙalubalance shi a 1982 a kan muryar mata da ba a ji ba. Bandura kuwa kowace uwa ta yarda da shi, yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana a gwajinsa na 1961 su ma duka suka kama. Malamin da ke shiga aji da tsumagiya ya tuna da wannan.

Wanda nake ganin an fi tauye wa haƙƙi shi ne Erik Erikson, don ana tsayawa a matakinsa na biyar, na samartaka, a ce sauran ba ruwan malamin firamare. An haife shi a Jamus a 1902. Agola ne, bai taɓa sanin mahaifinsa ba, ya tashi da sunan mijin uwarsa, sai a 1939 da ya zama ɗan Amurka ya zaɓa wa kansa sunan Erikson. Ba abin mamaki ba ne mutum irin wannan ya zama shi ne ya fi kowa magana a kan tambayar matashi, ni wane ne? A 1950 ya fitar da matakai takwas daga goyo zuwa tsufa, kowanne da abu biyu da ke ja-in-ja a zuciya. Na ɗan firamare shi ne ƙwazo ko jin cewa shi ba komai ba ne. Duk ranar da malama ta ce wa yaro daƙiƙi a gaban aji, ta jefa dutse a ɗaya gefen sikelin. Mai gyaɗar nan saura ƙiris ta yarda ita ba ta da kai.

Amma matakan sama su ma namu ne. Ɗalibin da kuke turo mana yana tsakanin shekara 19 da 25, wasu ba su zaɓi koyarwa ba, ita ce ta samu. Yana fama da tambayar ko shi malami ne da gaske, ga maganar aure, ga aljihu. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun nuna sashen gaban goshi, mai kula da tsari da danne fushi, yana ci gaba da girma har tsakiyar shekarun ashirin. In darasin bai taɓa rayuwarsa ba, yaya zai ga ya shafi ta yara? Ni kuma ina matakin bakwai, na renon na baya, shi ne ma ya zaunar da ni rubutun nan. Mahaifina yana na takwas. Paul Baltes na Jamus ya bayyana yadda tsoho mai dabara yake yi, ya rage abubuwan da yake yi, ya ƙara ƙwarewa a kan kaɗan ɗin da ya zaɓa, ya nemi abin da zai cike masa inda ƙarfi ya gaza. Da idon Baba ya yi rauni sai ya bar aikin wuya, ya tsaya a kan yanka, jikansa ke zura masa zare a allura. Saurinsa ya ragu, amma in ya kalli mutum sau ɗaya zai faɗi yadin da zai ishe shi. Iyaye da kakannin da ke kawo mana yara irinsa ne, kuma malamin da ya san bambancin tsufa na lafiya da gigin tsufa ya san yadda zai yi magana da su.

Mu ma ba da hannu wofi muka zo wannan fage ba. Harshenmu ya raba jinjiri da jariri da yayayye, yaro da saurayi da magidanci da dattijo. Muna cewa yaro ya yi wayo, muna kuma cewa ya yi hankali, kuma kowace uwa ta san ba abu ɗaya ba ne. Aya ta 54 a Suratur Rum ta ambaci rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Aya ta 15 a Suratul Ahƙaf ta ambaci cikar ƙarfi da shekara arba'in. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, malaman fiƙihu kuma suna da babin yaro mai tamyizi, wato wanda ya fara bambance abubuwa. Ba ina neman Piaget ya gaskata nassi ba ne, nassi ba ya bukatarsa. Ina cewa ɗalibi ya zo da wannan sani a kansa, a ɗora sabon a kai. Bame Nsamenang na Kamaru, wanda ya rasu a 2018, ya rubuta tun 1992 cewa a gidajen Afirka da ɗaukar nauyi ake auna girman yaro, wato a aike shi ya je ya dawo da saƙo daidai, a bar masa ƙani ya kula da shi. Robert Serpell ya samu irin haka a wurin Chewa na Zambiya. Wannan ai shi ne hankali a bakinmu. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam ya tarar kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Ya kamata ɗalibi ya ji wannan a makon farko.

Na san halin da kuke ciki. Na san akwai ɗakin laccar da ɗalibai ke leƙowa ta taga, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da manhajar da dole a gama kafin jarrabawa. Shi ya sa abin da nake roƙo ba mai cin kuɗi ba ne. Kafin ɗalibi ya rubuta jarrabawar wannan darasi, ya zaɓi yaro ɗaya a gidansu ko maƙwabta, da izinin iyayensa, ya bi shi na mako shida da ɗan littafi, ya rubuta abin da yaron ya faɗa da bakinsa, da Hausar da ya faɗa. Ya yi gwajin kofi da ruwa, sau ɗaya shi ya zuba, sau ɗaya yaron. Ya kuma zauna da tsoho ɗaya ya ji abin da ya bari da abin da ya riƙe. A ba wannan aiki maki mai nauyi, don ɗalibi inda maki yake nan yake kai ƙarfinsa. Ku yarda a tattauna da Hausa a aji ko da da Turanci za a rubuta, domin wanda bai iya bayyana Vygotsky wa kakarsa ba, bai gane shi ba tukuna. A jarrabawa kuma, maimakon a ce jero matakai huɗu, a ba shi labarin yarinya irin tawa a tambaye shi abin da zai yi ranar Litinin.

Ɗalibar taku ta gama da mu lafiya. A makonninta na ƙarshe ta yanka kwali ta yi kuɗin wasa, ta buɗe kasuwa a bayan aji, kowane ciniki sai an rubuta shi a allo kafin a ba da canji. Mai gyaɗa ce ke duba lissafin sauran, kuma kafin hutu ta fara rubuta ɗebewa da aro da hannunta, ko da yake har yanzu tana juya lamba 3 wani lokaci. Zango mai zuwa za ku sake turo mana wasu. In kun zo duba su, ina roƙon kada ku tsaya a ofis kuna duba littafin tsara darasi. Ku shigo aji biyu, zan sa a ajiye muku benci a baya.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibarku,
shugabar wata makarantar firamare